Babi na Bakwai: Tankin da Ake Cikawa Ana Ɗiba

A cikin tambayoyin lissafi na sakandare akwai guda ɗaya da ɗalibai suka fi jin haushinta, ita ce tambayar tanki. Famfo kaza yana cika tanki a awa kaza, wani famfon yana zubar da shi a awa kaza, to idan an buɗe su tare yaushe tankin zai cika? Ƙorafin yara a kanta bai taɓa canzawa ba: wane mai hankali ne zai tsaya cika tanki ya bar famfo a buɗe ruwa na zuba? Ya rufe mana!

Duk mai wannan ƙorafi bai taɓa wuni a Kasuwar Singa ba. Ka tsaya a titin Ado Bayero ko ta wajen Bello Road, ka ɗaga kai sama da allunan tallan taliya da madara da man girki, za ka ga baƙaƙen tankunan roba a kan benaye, wasu a ɗore kan dogayen ƙarafa. Kano ta san ruwan famfo tun farkon shekarun 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, lokacin da aka fara janyo shi daga Challawa, daga baya aka ƙara matatun Tamburawa da Watari. Sai dai gari ya yi ta faɗaɗa ya bar ruwan a baya, shi ya sa yau gidajen shaguna da dama a Fagge da Sabon Gari suka dogara da burtsatsensu da sumonsu da tankinsu. Sumo ba ya aiki sai da wuta, wuta kuwa ba ta shawara da kowa. In an kawo ta daidai azahar, daidai azahar maigadi zai kunna, a lokacin da 'yan kasuwa suka yi layi da butoci, mai abinci na wanke kwanuka, mai shayi ya aiko yaro da bokiti, gidan wanka ya cika da 'yan dako. Wa zai ce wa waɗannan su dakata sai tanki ya cika? Tambayar da maigadi ke yi wa kansa yana kallon ƙwan fitila ita ce dai wadda ke cikin takardar jarrabawa: wutar nan in ta yi awa biyu, zai cika ko ba zai cika ba?

Mu fara da mai sauƙi, wadda babu ɗiba a ciki. A ce tanki ne mai cin lita 3,000. Sumo shi kaɗai yana cika shi a awa 2. Akwai kuma ƙaramin inji da ke turo ruwa daga wata tsohuwar rijiya a bayan gida, shi kuma awa 3 yake ɗauka. An kunna su tare.

Amsa biyu ce ke fara faɗowa daga bakin mutane. Ta farko awa 5, wato an tara biyu da uku. Mai wannan amsa yakan yi wa kansa dariya kafin ma a yi masa, domin ƙarin inji ba zai ƙara wa aiki tsawo ba. Ta biyu ita ce awa 2 da rabi, wato an raba tsakani. Wannan ta fi haɗari saboda tana kama da magana mai hankali, kuma mai ita yakan kafe a kai. Amma a duba: sumo shi kaɗai awa 2 yake yi. Ta yaya za a kawo masa mataimaki sannan ya koma awa 2 da rabi?

Abin da ya ɓatar da su biyun ɗaya ne, sun kama awoyi suna juyawa. Awoyi ba sa taruwa a cikin tanki, ruwa ne ke taruwa. Don haka kowane famfo tambaya ɗaya ake yi masa: nawa kake zubawa a awa ɗaya? Sumo na zuba lita 1,500. Ƙaramin inji na zuba 1,000. Su biyu suna zuba 2,500 a kowace awa. Raba 3,000 da 2,500, ka sami 1.2. A nan ma akwai rami, kuma maki da yawa sun faɗa cikinsa: 1.2 ba awa ɗaya da minti ashirin ba ne. Ɗigo biyun nan kashi biyu ne cikin goma na awa, awa kuwa minti 60 ce, saboda haka minti 12 ke nan. Tankin zai cika a awa 1 da minti 12.

A jarrabawa sau da yawa ba a faɗin girman tankin, sai ɗalibi ya ɗauka an manta ne. Ba mantuwa ba ce, ba a buƙatarsa. Ko lita nawa tankin ke ci, wanda ke cika shi a awa 2 yana kawo rabinsa a awa ɗaya, wanda ke cika shi a awa 3 yana kawo sulusinsa. Aikin ya koma tara rabi da sulusi, kuma a nan ne yaran boko ke fara gumi, alhali malamin zaure da ke rabon gado yana yin irin wannan tarin kullum ba tare da ya ɗauke shi wani abu ba. Idan magada suka haɗa da mai rabi da mai sulusi da mai sudusi, malam ba ya tsayawa kokawa da gutsattsarin lambobi. Yana neman asalin mas'ala, wato lambar da duk kason za su fita daga cikinta cif-cif, ya yanka dukiyar gida shida, ko goma sha biyu, ko ashirin da huɗu idan tumunin takaba ya haɗu da sudusi, sannan ya ƙirga wa kowa nasa. Haka za a yi wa tanki. Yanka shi gida 6. Sumo na cika gida 3 a awa, ƙaramin inji gida 2, tare gida 5. Ana neman gida 6, ana samun 5 a awa: 6/5 na awa, awa 1 da minti 12 ɗin nan dai. A ganina da malaman lissafi a Arewa za su riƙa shiga wannan darasi ta ƙofar rabon gado, da rabin tsoron da yara ke yi masa ya gushe, domin abu ne da suka taso suna jin ana yi a gidajensu.

Akwai gajeriyar hanya idan famfunan biyu ne kacal: ninka awoyin, ka raba da jimlarsu. Biyu sau uku shida, biyu da uku biyar, 6/5. Tana da daɗi, amma ba ta aiki kai tsaye a kan famfo uku, kuma wanda ya haddace ta bai san daga ina ta fito ba zai yi amfani da ita inda ba ta dace ba. Abin da ya fi ta amfani shi ne awon amsa kafin a miƙa takarda. Amsar famfo biyu dole ta gaza lokacin wanda ya fi sauri, kuma ba za ta gaza rabin lokacinsa ba, tunda ko da mataimakin ya kai shi ƙarfi iyakarsu su raba lokacin biyu. A misalinmu dole ta faɗa tsakanin awa 1 da awa 2. Duk abin da ya fita daga nan, a sake lale.

Tambayar ta girmi WAEC nesa ba kusa ba. A ƙasar Sin akwai wani tsohon littafin lissafi mai babi tara da aka tattara zamanin daular Han, kusan shekara dubu biyu da suka wuce, wanda Liu Hui ya yi wa sharhi a shekarar 263. A babinsa na shida akwai kududdufi da magudanai biyar ke zuba a cikinsa: na farko na cika shi a sulusin yini, na biyu a yini 1, na uku a yini 2 da rabi, na huɗu a yini 3, na biyar a yini 5. Mai karatu ya gwada ta da hanyar malamin gado. Idan aka ɗauki yini 15, na farko zai cika kududdufin sau 45, na biyu sau 15, na uku sau 6, na huɗu sau 5, na biyar sau 3. Jimla cikawa 74 a yini 15, don haka cikawa ɗaya na ɗaukar 15/74 na yini. A Indiya ma Bhaskara ya kawo irinta a ƙarni na 12 da maɓuɓɓuga huɗu, haka Fibonacci a Italiya a 1202 da ganga mai huji huɗu. Duk inda mutane suka tara ruwa suna jiran sa, sai wani ya zauna ya yi wannan lissafi.

Yanzu a buɗe famfunan ƙasa. Sumo na cika tankin a awa 2, masu alwala da wanki kuma in aka bar su da cikakken tanki za su ƙarar da shi a awa 6. Babu sabuwar doka, mai ɗiba famfo ne da ake cire nasa maimakon a tara. Gida 6: sumo na kawo 3 a awa, jama'a na kwashe 1, saura 2. Tankin zai cika a awa 3. Awa guda ke nan ta ƙaru, kuma in da janareta ake yi, awa guda ce ta man fetur da wani zai biya. Wannan shi ne dalilin da ya sa maigadi mai wayo ke so ya yi turinsa da asuba ko bayan an tashi daga kasuwa.

To idan ranar cunkoso ce fa, 'yan garuwa sun jero kurayensu a bakin famfo, har ɗibar ta kai ta ƙarar da tanki a awa 1 da rabi? A awa ɗaya ana kwashe kashi biyu cikin uku, wato gida 4 cikin 6, sumo na kawo 3. Uku a cire huɗu, an shiga ƙasa da sifiri da gida ɗaya. Ɗalibi yakan firgita ya goge aikinsa idan ya ga alamar ragi a amsa, alhali lissafin magana yake yi masa: tankin nan ba zai cika ba har a kashe inji, raguwa ma yake yi da gida ɗaya kowace awa, kuma in a cike aka fara, awa 6 zai yi ya ƙafe duk da sumo na ta ruri. Idan kuwa shiga da fita suka zo daidai, saura sifiri, sai a ce raba 6 da sifiri, kalkuleta ta ƙi. Ba lalacewa ta yi ba. Ruwan yana nan inda yake, ba ya hawa ba ya sauka, babu wata awa da za a ambata a ce ga lokacin cikarsa.

Har yanzu ba mu taɓa aljabara ba, tara da ɗebewa kawai muke yi. Aljabara na shigowa ne idan abin da ake nema ɓoyayye ne, ba a iya zuwa a auna shi. Irin wannan zance ana yin sa a ƙofar gidajen shaguna:

"Baba, wai ina man da nake bayarwa yake tafiya ne? Kwanan nan kullum sai ka ce a ƙaro."

"Wallahi Alhaji ni ma abin ya ɗaure mini kai. Da in na kunna ƙarfe shida, takwas ya tumbatsa. Yanzu sai takwas da rabi."

"Ko yaran nan ne ke buɗe famfo da sassafe?"

"Ai lokacin ko mutum ɗaya bai zo ba, ranka ya daɗe. Kawunan famfon duk a rufe suke."

Alhaji na zargin maigadi, maigadi na zargin mai gyaran famfo, amma maganar Baba ta riga ta ƙunshi amsa. Akwai wani famfo da ba a gani, yoyo, kuma ana iya auna shi daga zaune. A kira awoyin da yoyon zai ɗauka ya ƙarar da cikakken tanki x. Sumo na kawo 1/2 na tanki a awa. Yoyo na kwashe 1/x. Abin da ya rage shi ke cika tanki a awa 2 da rabi, wato 2/5 na tanki a awa.

1/2 − 1/x = 2/5

Matakai biyu ne, kuma su ne Muhammad bin Musa al-Khwarizmi ya sa a sunan littafinsa da ya rubuta a Bagadaza wajen shekarar 820, jabru da muƙabala. Na farko, a kawar da ragin ta hanyar ƙara 1/x a ɓangarorin biyu, sai ya zama 1/2 = 2/5 + 1/x. Na biyu, a cire 2/5 daga kowane ɓangare. Rabi gida 5 ne cikin 10, 2/5 gida 4 ne, saura gida 1. Ke nan 1/x = 1/10, x kuma 10. Wani babban yanki na littafin nan, a faɗa a wuce, a kan wasiyya da gado yake, don haka dangantakar malamin zaure da aljabara ba yau ta fara ba.

Yoyon da zai ƙarar da lita 3,000 a awa 10 yana shan lita 300 a kowace awa. Jarka 12 ke nan masu cin lita 25, kusan kurar ɗan garuwa guda, tana tsiyayewa cikin bango ko ƙarƙashin siminti duk awa, dare da rana muddin akwai ruwa a sama. Sai dai a yi hattara, lissafin bai ce yoyo ne tabbas ba. Abin da ya ce shi ne lita 300 na ɓacewa a awa. Mai yiwuwa sumon ne ya gaji, ko kuma bazara ta sa ruwan burtsatse ya yi ƙasa har inji na wahalar ɗago shi, duka za su ba da lamba ɗaya. Abin da zai raba gardama alli ne. A cika tanki da yamma, a kashe inji, a rufe famfuna, a sa alama inda ruwa ya tsaya, a dawo da safe a duba.

Tambayoyin da ake ɗauke wuta a tsakiya ba su da wata wahala ta daban, ana yanka lokacin ne gida-gida. A ce sumo da ƙaramin injin nan na misalinmu na farko sun yi rabin awa tare, sun cika 5/12 na tanki, sai aka ɗauke wuta, ƙaramin janareta kuma ƙaramin inji kaɗai yake iya ja. Saura 7/12, shi kuma yana kawo 4/12 a awa, zai ƙarasa a awa 1 da minti 45.

Wadda ta fi cizo ita ce irin ta JAMB: injina biyu tare suna cika babban tanki a awa 6, amma in kowa zai yi shi kaɗai, ɗaya ya fi ɗayan daɗewa da awa 5. Awa nawa kowanne ke yi? Mai sauri x, mai nawa x + 5.

1/x + 1/(x + 5) = 1/6

Idan aka ninka ko'ina da 6 da x da x + 5 don a rabu da gutsattsarin, aka gyara, abin da ke fitowa shi ne x² = 7x + 30. Al-Khwarizmi yana da hanyar warware wannan siffa, kuma har yau ana iya yin ta da ka: ɗauki rabin 7, wato 3.5, ninka shi da kansa ka sami 12.25, ƙara 30 ya zama 42.25, nemi lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da wannan, 6.5 ce, ƙara mata 3.5 ɗin farko. Amsa 10. Mai sauri awa 10, mai nawa awa 15. A gwada: gida 30, ɗaya na kawo 3, ɗaya na kawo 2, biyar a awa, talatin a awa shida. Hanyar makaranta ta yau za ta ƙara fito da wata amsa, 3 ƙasa da sifiri, wadda shi al-Khwarizmi bai ma san da zamanta amsa ba. A nan da shi da ɗalibin yau matsayarsu ɗaya, tunda babu injin da ke gama aiki awa uku kafin a kunna shi.

Babban tankin Singa ba na ruwa ba ne, sito ne. A ɗauki dillalin sukari da ke da buhu 1,000 a ajiye, tirela mai buhu 600 na sauke masa duk kwana uku, wato 200 a rana. A kwanakin da kasuwa ke tafiya daidai yana fitar da 150 a rana, kaya na ƙaruwa da 50, damuwarsa wurin ajiya da kuɗin da ya kwanta. Azumi na ƙaratowa masu sari daga Haɗeja da Daura da Maraɗi suka taso, fita ta koma 250 a rana, sai lissafin ya juya: ragin 50 kullum, buhu 1,000 zai kai shi kwana 20. Lambobin nawa ne na misali, amma aikin nasu ne, kuma suna yin sa a tsaye da waya a kunne. Wanda ya ce wa kamfani a mayar masa da mota duk kwana biyu kafin watan Sha'aban ya raba, tambayar tanki ya amsa, ko da bai taɓa zama a aji ba.

A bakin siton nan kuma ake ganin inda littafi ke fara sakin gaskiya. Tawagar 'yan dako ɗaya na sauke tirela a awa 2, wata a awa 3. Littafi ya ce a haɗa su, awa 1 da minti 12. Je ka gani. Lungun mutum ɗaya yake ɗauka da buhu a ka, ƙofar sito ɗaya ce, mai ƙirga da ke tsaye da littafi da biro ɗaya ne. Mai shiga na jiran mai fita, wani ya ce an taka shi, a tsaya a yi cacar baki. Lissafin ya ɗauka kowa zai yi aikinsa kamar ɗayan ba ya nan. Haka yake ga injina biyu da ke zuƙa daga rijiya ɗaya ko suke turawa ta siririn bututu ɗaya, zubinsu tare ba ya kai jimlar zubinsu a rarrabe.

Akwai wani zato na biyu da ya fi wannan ɓuya, cewa ruwa na fita da ƙarfi ɗaya daga farko har ƙarshe. Duk wanda ya taɓa tara bokiti a ƙarƙashin durom mai famfo a gindi ya san ba haka ba ne. In durom na cike ruwan feshi yake yi, in ya kusa ƙarewa sai ya koma tsiyaya. Evangelista Torricelli, Ba'italiyen da ya yi aiki da Galileo a ƙarshen rayuwar Galileon, shi ya fitar da ƙa'idar a littafinsa na 1644: ruwa na fita daga huji da irin gudun da abu zai yi in ya faɗo daga saman ruwan zuwa hujin. Ma'ana sai zurfi ya ninka sau huɗu kafin gudu ya ninka sau biyu. Abin da ke biyo baya yana da ban mamaki. Durom mai lita 200 da ya fara zuba lita 20 a minti, littafi zai ce minti 10. Gaskiyarsa minti 20 ne, ninki biyu cif. Rabin ruwan na fita kafin minti 6 ya cika, a minti 10 kashi uku cikin huɗu ya tafi, rubu'in ƙarshe shi kaɗai ya cinye sauran minti 10.

Masu ƙera agogon ruwa sun sha fama da wannan tun kafin a san dalilinsa. Wanda aka samo a Karnak ta ƙasar Masar, na wajen shekara 1,400 kafin haihuwar Annabi Isa, an yi shi da faɗin baki da tsukakken gindi don saukar ruwan ta ɗan daidaita. Al-Jazari, a littafinsa na 1206, ya bi wata hanyar: ƙaramin mazubi a tsakani, da abu mai yawo a kan ruwa da ke toshe mashiga in ruwa ya hau ya buɗe in ya sauka, don zurfin ya tsaya wuri ɗaya. Dabarar ce dai ke cikin ƙwallon robar da masu gyaran famfo ke sa wa tanki don kada ya yi ambaliya.

Shin ke nan duk abin da muka lissafa a baya ya rushe? Bai rushe ba, kuma dogayen ƙarafan nan ne suka cece shi. Zurfin da ke tura ruwa ana auna shi ne daga saman ruwa zuwa bakin famfo. Idan tanki na bisa mita 10 kuma tsayinsa mita 1 da rabi, to daga cikarsa zuwa ƙafewarsa abin ya sauko ne daga mita 11.5 zuwa 10 kawai, ƙarfin ruwa a ƙasa bai ragu da fiye da kashi 7 cikin 100 ba. Ga masu alwala a ƙasan bene lissafin littafi ya kusa zama daidai. Inda yake kuskurewa shi ne hujin da ke jikin tankin kansa. Yoyon Alhaji in a bututun ƙasa yake, awa 10 ɗin nan ta tsaya. In tsaga ce a gindin tanki, lita 300 matsakaici ne kawai, yana sha fiye da haka in tanki na cike, ƙasa da haka in ya yi ƙasa, kuma ƙafewarsa gaba ɗaya za ta haura awa 13. Wanda ya sa alamar alli sau biyu ko uku cikin dare, ya ga ko saukar na tafiya daidai ko tana raguwa, zai iya gaya wa mai gyara ya hau sama ko ya fasa siminti.

Da damina kasuwa kanta kan zama tanki. A 2022 ruwa ya shiga Kantin Kwari, maƙwabciyar Singa, ya jiƙa dilolin atamfa da shadda, aka yi ta nuna yatsa ga shagunan da aka gina a kan magudanai. Lissafin irin wannan rana ba shi da wuya. Ruwan sama milimita 1 a kan fili mai mita ɗaya tsawo mita ɗaya faɗi lita 1 ne. Hekta guda ta rufin kwano da siminti, inda ƙasa ba ta shan komai, in aka yi mata ruwa milimita 50 cikin awa ɗaya ta karɓi lita 500,000. A ce kwatar wurin na iya fitar da lita 100 a daƙiƙa, 360,000 a awa. Saura 140,000, kuma ba ya bazuwa ko'ina, gangarawa yake ya taru a layin da ya fi kwari. In faɗin wannan kwarin ya kai mita 1,000 murabba'i, ruwa zai hau santimita 14. Yanzu a ce leda da robar ruwa da kwali sun toshe rabin kwatar. Fita ta koma 180,000, saura 320,000, zurfi santimita 32. Kwata ta ragu da rabi, amma ruwan da ya kwanta ya fi ninki biyu, domin abin da ke taruwa bambanci ne tsakanin manyan lambobi biyu, ƙaramin canji a ɗayansu na girgiza shi sosai. Katakon da ake jera buhuna a kai a sito bai cika wuce santimita 15 zuwa 20 ba. A lissafin farko ruwa zai wuce ta ƙarƙashinsa. A na biyu jerin buhunan ƙasa ya tafi gaba ɗaya, sukari kuwa in ya sha ruwa ba a shanya shi.